Ina naka ya tsaya, ina na hukuma ya fara? Kafin ka ja ruwa ko ka haƙa sokawe a Kano

Shekara 31 ke nan ina aikin famfo a garin nan. Na fara ina yaro, ina riƙe wa maigidana bututun ƙarfe yana yanka masa zare a wani ɗan shago kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa, lokacin bututun roba bai cika gari ba. A tsawon shekarun nan an sha kira na gaban mai unguwa in ba da shaida, kuma kusan kullum rigimar a kan kalma ɗaya take. Wannan ya ce layinsa ne, wancan ya ce ai na gwamnati ne. Ɗan haya ya ce kayansa ne da ya saya da kuɗinsa, mai gida ya ce tunda an kafa ya zama gini. Kowace kalma da ke cikin takardar jan ruwa, ko ta haya, ko ta cinikin gida, iyaka ce take shatawa: daga nan zuwa nan kai za ka biya, daga can kuma ba ruwanka. Bari mu bi ruwan tun daga inda yake shigowa har inda yake fita, in nuna maka iyakokin ɗaya bayan ɗaya.

Ruwan da ke shigowa

Ruwan famfonmu daga matatun Challawa da Tamburawa da Watari yake zuwa. Ta Challawa ce uwa, tun farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka fara turo ruwa birni daga can. Madatsar Tiga da aka gama a 1974, aikin da Audu Bako ya ɗauko, ita take riƙe ruwan kogin Kano da Tamburawa ke ɗiba. Daga matata ruwa yana bi ta manyan bututai, wani ya hau tankunan Goron Dutse, sannan ya rarrabu cikin unguwanni. Bututun da ya bi ta titinku ko bakin lungunku, wanda gidaje da yawa suke sha daga jikinsa, shi ne babban layi. Na Hukumar Ruwa ta Jihar Kano ne, ko da kuwa ta gindin katangarka ya wuce, ko da kuwa 'yan unguwa ne suka yi karo-karo aka ƙaro tsawonsa ya iso gare ku. Ba ka da ikon huda shi, ni ma da nake mai sana'ar ba ni da shi. Wanda ya kira yaro da daddare ya huda masa, jan ruwa ba bisa ƙa'ida ba ya yi, kuma ranar da aka gano za a yanke, a ci shi tara, kuɗin bututun ma ya tafi a banza.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Ka je ofishin hukumar na shiyyarku da shaidar cewa gidan naka ne, ko yardar mai gidan a rubuce idan haya kake. Za ka cike takarda, su turo ma'aikaci ya duba nisan gidan da babban layi da girman bututun da ya kamace ka, sannan a yanka maka abin da za ka biya. Ka biya ta hanyar da za a ba ka rasit mai sunan hukuma, kada ka danƙa wa kowa kuɗi a bakin titi. Idan sai an fasa kwalta kafin bututun ya tsallako, wannan wani izini ne daban daga masu kula da titin, kuma gyaran wurin da aka fasa yana kanka.

Inda aka huda babban layi akwai wani ƙarfe ko roba da ake rungumar da shi a jikin bututun, mu muna ce masa sadil. Daga sadil ɗin nan wani siririn bututu yake tasowa ya nufi gidanka, rabin inci ko tiri-kwata, wato kashi 3 cikin 4 na inci. Shi ne reshe, ko layin gida, kuma a kansa aka fi yin faɗa, domin a waje yake kwance amma gida ɗaya yake yi wa aiki. A aikace kai ne kake sayensa, kuma ranar da mota ta taka shi ya fashe, ƙofarka maƙwabta za su ƙwanƙwasa. Don haka ranar da aka zo haɗa maka ka tambayi ma'aikacin a gaban shaida: Malam, daga ina zuwa ina ne gyara yake kaina? In da hali a rubuta amsar a bayan takardar. Bayan reshe sai makullin ruwa, sai mita idan an sa maka. Mita ta hukuma ce, ba a kwance ta, ba a juya ta, ba a zagaye ta da wani bututu. Gidaje da yawa a Kano ba su da ita, kuɗin wata ake yanka musu. Ko da mita ko babu, duk abin da ya ƙetare makullin nan ya shiga gida naka ne, yoyonsa ma naka ne.

Ka sa makulli naka na kanka daga cikin soro, inda matar gida za ta iya kai hannu ba sai ta fita waje ba. Na ga gidan da bututu ya fashe da tsakar dare mai gidan yana tafiya, ruwa ya kwana yana zuba a tsakar gida don babu wanda ya san inda ake rufewa.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai a sana'ar nan. Ka shiga kowane lungu a cikin gari ka leƙa kwata, za ka ga siraran bututai biyar, shida, goma, kwance a cikin baƙin ruwa kamar taliya, wani an ɗaure ƙarinsa da tsumma, wani da robar tayar keke. Mutane suna bi da su ta nan don gudun haƙa. Suna ganin ai ruwan ciki turowa yake yi, ƙazanta ba za ta shiga ba. Hakan gaskiya ne muddin akwai ruwa a layin. To amma ruwa ba kullum yake zuwa ba. Da zarar an ɗauke, ruwan da ya rage a bututu yana gangarawa baya, yana barin iska mai zuƙa, kamar yadda yaro yake zuƙar lemo da tsinke. Duk inda akwai tsaga ko sakakken haɗi, ruwan kwata ta nan zai shige ya kwanta a ciki yana jira. Ranar da aka kawo ruwa, shi ne zai fara fitowa a famfonka.

Wata Hajiya ta taɓa aiko a kira ni, ta ce jikokinta uku sun kwanta da zazzaɓin taifot a wata guda, kuma ruwan farko idan ya zo yana ɗan wari. Na bi reshen gidan da hannu ina ɗagawa daga cikin kwata. Wajen taku 20 daga ƙofar gidan na tarar da wani haɗi da aka yi da wuta, an narka bakin bututu an cusa wani a ciki, ba soket ba gam. Da na matsa shi da yatsa sai baƙin ruwa ya tsatso daga ciki. Na kira ta ta leƙo daga soro na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, yanzu wannan muke sha?" Na ce, "Shi ne, Hajiya." A ranar muka haƙa sabuwar hanya a gefen lungun, zurfin ƙafa 2, muka binne bututu guda marar ƙari. A inda dole sai ya tsallake kwata, muka zura shi cikin wani bututun ƙarfe mai faɗi muka ɗora ta sama, ba ya taɓa ruwan. Haka ake yi. Kuma ko naka a binne yake, idan an daɗe ba a kawo ruwa ba ka bar na farko ya zuba a bokiti a yi wanki ko shara da shi, kada a kai randa.

Akwai abu biyu da suke jawo irin wannan zuƙar, kuma duka biyun ƙa'idar aikin famfo ta hana. Na farko, ɗaura injin jan ruwa kai tsaye a jikin reshe. Kai kana samun ruwa da ƙarfi, na bayanka sun rasa, kuma injin yana zuƙo ƙazanta ta kowace tsaga a layin unguwar. Abin da ake yi shi ne ka bar ruwan ya zuba da kansa a tankin ƙasa, sannan inji ya ɗauka daga tankin ya kai sama. Na biyu, haɗa bututun rijiyar burtsatse da na ruwan gwamnati a layi ɗaya da makulli a tsakani. Ranar da aka manta makullin a buɗe, sumo, injin da ake zurawa cikin rijiyar, zai tura ruwan rijiyarka cikin babban layi, ruwan da ba wanda ya auna shi, ya shiga gidajen mutane. Kowanne ya zo da bututunsa daban ya zuba a tanki ta sama, kuma bakin bututun ya kasance sama da inda ruwa yake tsayawa idan tankin ya cika, da tazarar iska a tsakani, aƙalla ninki 2 na faɗin bututun. Ruwa ba ya tsallake iska ya koma baya. Saboda wannan dalilin ne ma bai kamata a bar tiyo a nutse cikin baho ko duro ba alhali ɗaya bakin yana jikin famfo.

Game da burtsatsen kanta, dokar albarkatun ruwa ta tarayya ta 1993 ta ba wanda yake da haƙƙin mallakar fili damar ɗibar ruwan ƙarƙashin ƙasarsa don amfanin gida da shayar da dabbobi da ɗan ban ruwan kansa ba tare da biya ba. Ka lura da kalmar amfanin gida. Ranar da ka fito da famfuna shida waje 'yan garuwa suka fara jera kura suna biya, ko ka fara ɗura ruwan leda, ka fita daga wannan kalmar ka shiga kasuwanci, kuma ruwan leda sai da rajistar NAFDAC.

Ruwan da ke fita

A takardun gini da ake kwafowa daga ƙasashen waje za ka ga ana maganar haɗa gida da babban bututun ƙazanta na gari. A mafi yawan unguwannin Kano babu wannan bututun. Abin da ya fita daga banɗakinka, a cikin filinka zai ƙare, kuma kai ne hukumar kanka a nan. Shi ya sa dole ka bambance abubuwa uku da bakinmu ya saba haɗawa.

Kwata ta ruwan sama ce. Ta jama'a ce, kuma ba a yi ta don bayan gida ba. Ruwan cikin gari da yawa rafin Jakara yake gangarawa, kuma duk wanda ya bi gefen Jakara ya ga lambunan salak da alayyahu da ake ba ruwa daga cikinta, ganyen da gobe zai dawo kasuwa. Mutumin da yake jira sai ruwan Agusta ya sauko da daddare ya buɗe bututun masai ya saki cikin kwata, ya san abin da yake yi, shi ya sa yake jiran dare. Wannan laifi ne da duba-gari suke kai mutum kotu a kansa, kuma ko ba su gani ba, kwalara idan ta shigo unguwa ba ta tambayar gidan wa ya saki.

Sai abin da muke kira sokawe, wanda a gaskiya rami biyu ne masu aiki daban. Na farko tankin masai ne. Ana gina shi da bulo cikakke, a yi masa filasta ciki da ƙasa yadda ba zai yi yoyo ba, a raba shi ɗaki biyu, na farkon ya ɗauki kamar kashi 2 cikin 3 na tsawon. A nan mai nauyi yake kwantawa ya ruɓe, ruwan ya tsallaka ɗaki na biyu. Rami na biyu shi ne sokawen gaskiya: ba filasta, ana jera bulonsa da ƙofofi a tsakani don ƙasa ta shanye ruwan da ya riga ya tace. Idan magini ya haƙa maka rami ɗaya ya rufe ya ce ya gama sokawe, masai irin na da ya yi maka, sai dai ya sa masa bututu. Zai cika da wuri, kuma ɗanyar ƙazanta ce take shiga ƙasa kai tsaye. A zanen ginin da ake kai wa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, don neman izini ana nuna inda ramukan nan biyu za su zauna. Ka buɗe zanenka ka duba, kada ka bar shi a hannun magini kawai.

Inda za su zauna ɗin shi ne babbar magana. Masana lafiya suna son tazarar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiyar da ake sha. To filin da ya kai ƙafa 50 a kan 100, mita 15 ne a kan 30, sai ka bi kusurwa zuwa kusurwa kafin ka sami tazarar. Mai ƙafa 50 a kan 50 kuwa ko ya bi kusurwa bai kai mita 22 ba. Kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Kana iya nisanta sokawenka da rijiyarka, ka je ka manna shi da rijiyar maƙwabcinka ta bayan katanga. Don haka kafin a sa diga, ka yi sallama da maƙwabtan ɓangarori uku ka tambaye su ina rijiyarsu take, ina masansu yake. Idan kowa ya tara ramukansa a gefe guda, rijiyoyi a ɗaya gefen, an rage matsalar da rabi. Idan tazarar ta ƙi samuwa, ka tsananta wajen filastar tankin, ka sa mai haƙa burtsatse ya zuba siminti ya toshe kewayen bututun rijiyar daga sama zuwa ƙasa mai ƙarfi, kuma ka kai ruwan a auna kafin a fara sha.

Wannan ba maganar Turawa ba ce kawai. A cikin Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu, bayan an kawo hadisin babu cuta babu cutarwa, an ambaci cewa mutum ba zai haƙa abin da zai cutar da maƙwabcinsa ba ko da a cikin mallakarsa ne. Na ji wani mai unguwa ya karanto wa wani mutum wannan wurin, mutumin yana ta nanata cewa ai a filinsa ya haƙa. Mai unguwar ya ce masa, "Alhaji, filin naka ne, amma ruwan rijiyar tasa da ya canza launi fa, na wa ne?" Dole aka yashe ramin aka cike shi da ƙasa. Hukuncin ɗaya ne da indararon da yake zuba a gidan wani, da rariyar ruwan wanka da take kwanciya a gindin katangar maƙwabci. Ginin ƙasa ba ya jure wannan. Gindin yana jiƙa yana zagwanyewa a hankali, sai damina ta zo katangar ta zauna, wani lokacin a kan mutane. Idan lungunku babu kwata, ka yi wa ruwan wanka da wanke-wanke ɗan ƙaramin sokawe nasa daban, kada ka tura shi tankin masai, domin yawan ruwa da sabulu suna hana tankin aikinsa.

Na san da yawa suna fitar da sokawe waje, a ƙofar gida, don fili ya yi kaɗan kuma motar yasa ta samu isa. Ka sani dai abin da ke wajen iyakar filinka hanya ce, ba naka ba ne. Ranar da aka zo aikin titi ko kwata za a fasa shi ba wanda zai biya ka, kuma ranar da murfin ya rufta da yaro ko da motar yashi, kai za a nema. In ya zama dole ne, murfin ya zama na kankare da rodi na gaske. Wanda gidansa yake can cikin lungun da mota ba ta shiga, sai masu yasa da hannu, waɗanda ake kira gidan kowa da akwai. Ka biya su haƙƙinsu da mutunci, aikin da suke yi ba kowa zai iya ba, amma ka tambaye su inda za su kai, domin idan a kwatar bayan layi suka juye, daga gidanka ya fito.

Tsakanin banɗaki da tanki ƙa'idojin kaɗan ne. Bututun masai inci 4 ne, kada a rage. Gangararsa inci 3 a kowace ƙafa 10: in ta gaza haka ƙazanta ta kwanta, in ta zarce sosai ruwa ya gudu ya bar ta a baya. Duk inda bututu ya yi kwana a gina camba mai murfi, don ranar toshewa a zura sanda ba sai an fasa tayil ba. A fitar da bututun iska ya wuce saman rufi, a ɗaure bakinsa da raga saboda sauro da ƙuda. Kuma kowane abin da ruwa yake fita ta cikinsa ya kasance da lanƙwasar nan da take riƙe ruwa kamar inci 2, ita ce take tare wari da kyankyasai. Banɗakin baƙi da ba a shiga, idan ya fara wari da bazara, yawanci ruwan lanƙwasar ne ya bushe. Buta ɗaya za ka zuba.

Abin da aka kafa, da abin da aka ajiye

Wani Alhaji ya taɓa kira na da yamma ya ce in zo da yara mu zare sumo daga rijiya, mu sauke tankuna biyu da hitar banɗaki. Muna cikin jan igiya sai ga wani mutum ya shigo da iyalinsa, ashe shi ya sayi gidan, gobe za a ba shi makulli. Ya ce, "Malam, me kuke yi haka?" Na saki igiyar na ce a kira Alhajin. Takardar cinikin da dillali ya rubuta cewa ta yi an sayar da gida da abin da ke cikinsa, shi ke nan. Mai sayarwa ya ce sumo inji ne kamar janareta, da kuɗinsa ya saya daban. Mai saye ya ce shi gida mai ruwa ya gani ya taya, rijiya ba sumo kuwa rami ce. Sai da aka kwana uku ana zama kafin dattawa su sasanta: sumo da tanki ɗaya suka zauna, hita da ɗaya tankin suka tafi. Tun daga ranar ba na cire komai a gidan da aka sa a kasuwa sai na ga masu ciniki biyun tare.

Ƙa'idar da kotuna suke bi ita ce abin da aka kafa a jikin ƙasa ko gini ya zama ɓangarensa. Ana duba abu biyu: yaya ƙarfin kafin yake, wato in an cire zai bar ɓarna ko ba zai bari ba, sannan don me aka kafa, don gidan ya inganta ne dindindin ko don mai shi ya ji daɗin abinsa na ɗan lokaci. Fiƙihunmu ma haka ya tafi. A Muhtasar na Shaihu Halil an ce cinikin gida yana haɗawa da abin da yake tabbatacce a cikinsa, aka ba da misali da ƙofa da kanta da dutsen niƙan da aka gina da tsanin da aka kafe da ƙusa. Idan ka auna da wannan, bututun cikin bango, da masai na zama ko na tsuguno, da abin wanke hannu, da sinkin kicin da aka gina, da kan shawa, duk na gida ne. Injin wanki da aka sa wa tiyo, da duro, da randa, na mai su ne. Masu jawo faɗa su ne na tsakiya: tankin roba da ke zaune a kan ƙarfe, da injin turo ruwa, da sumo, da hita. Waɗannan kada ka bar su ga fassarar kowa. A lissafa su da suna a takardar ciniki, har da girman tankin da ƙarfin injin, a rubuta wanda zai zauna da wanda zai tafi.

Ɗan haya ma haka. In za ka cire masai na tsuguno ka sa na zama saboda tsohuwarka ba ta iya tsuguno, ko za ka sa tanki da inji, ka sami mai gidan tukuna ku rubuta ɗaya cikin uku: za a cire kuɗin daga haya, ko za ka tafi da kayanka ka mayar da wurin yadda ka same shi, ko ka bar wa gida. Ku kuma rubuta wanda yasar sokawe take kansa, da wanda zai biya kuɗin ruwa, musamman a gidan da ake haya ɗaki-ɗaki. Mai sayen gida kuma ya nemi rasit na ƙarshe na kuɗin ruwa kafin ya biya, domin bashin a kan lambar gidan yake zama, wanda ya tashi ya tashi.

Tsakaninka da mai aikin famfo

Kada ka yarda da jimlar nan ta aikin famfo gaba ɗaya, kaza. Aikin hawa biyu ne. Akwai shimfiɗa bututu a bango da ƙasa kafin filasta, akwai ɗaura kaya bayan an gama tayil, kuma tsakaninsu wani lokacin shekara ce. A rubuta kuɗin kowanne daban. A kuma raba kaya gida biyu: kayan haɗi, irin su gwiwa da ti da soket da gam da makullai, waɗanda gara mai aikin ya lissafa ya sayo da kansa don shi ya san adadinsu, da kayan ɗaurawa, irin su masai da abin wanke hannu da kawunan famfo, waɗanda gara ka je Ƙofar Ruwa ko Faransa Rod da ƙafarka ka zaɓa. Ka riƙe kan famfon a hannu ka ji nauyinsa. Na tagulla yana da nauyi, na gwangwani da aka shafa wa ƙyalli kuwa kamar cokali yake, ba ya shekara.

Bututun ruwan zafi kore ne, wanda ake haɗawa da injin ƙonawa. Farin na gam ba ya jure hita. Kuma bututun ruwan sha daban yake da na ruwan datti ko da faɗinsu ɗaya, na dattin ba shi da kauri, in aka ba shi matsin tanki zai tsage a cikin bango.

Kafin a yi filasta, ka sa a toshe duk bakunan, a cika layin da ruwa daga tankin sama, a bar shi ya kwana. Da safe ka bi bangon da tafin hannunka, haɗi bayan haɗi, ka duba ƙasan kowanne ko akwai danshi. Sai ka gamsu sannan ka biya kuɗin hawan farko. Daga nan ka ɗauki wayarka ka ɗauki hoton kowane bango da bututunsa a fili, ka sa yaro ya riƙe tef ɗin awo daga kusurwa don a ga nisan. Ka fitar da hotunan a takarda, ka haɗa su da rasit ɗin hukumar ruwa, da zanen da ya nuna inda tankin masai da sokawe da cambobi suke, ka sa a leda ɗaya da takardun filin. Ranar da kafinta zai kafa ƙusa a bangon kicin, ko za a nemi murfin tankin da tayil ya rufe shekara 10 da suka wuce, ledar nan za a ɗauko.